Manya Sun Koma Sayen Kayan Wasan Yara: Me Suke Nema?

Daga Wakilinmu a Abuja

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Wuse ko ta Garki a nan Abuja ana jajiberin salla, ba zai rasa ganin rumfunan kayan wasan yara ba, watau motoci da bindigogin roba da 'yan tsana, da kuma 'yan mutum-mutumin jarumai masu motsa hannu da ƙafa, yawancinsu ƙirar ƙasar Sin. Mu a nan, da zarar salla ta wuce yara sun kakkarya su, sai a share a kai bola, magana ta ƙare. Amma a Amurka da Turai da Japan al'amarin ya sha bamban, domin a can magidanta ne, wasu har da furfura, suke rububin sayen waɗannan 'yan jarumai su ajiye wa kansu. Kamfanoni kuwa sun lura da haka, har sun ware wa manya irin nasu kayan dabam.

Asalin Sana'ar

A cikin shekarar 1964 ne wani kamfanin Amurka mai suna Hasbro ya fito da wani ɗan soja na roba, tsawonsa wajen inci 12, ana kiransa G.I. Joe. Kamfanin ya san cewa yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da 'yar tsana ba, saboda haka ya ƙi kiransa da wannan suna, ya sayar da shi a matsayin jarumi mai motsi. Dabarar kuwa ta ci.

Bayan haka, a shekarar 1977 sai fim ɗin Star Wars ya fito ya girgiza duniya. Kamfanin Kenner, wanda ya sami izinin ƙera jaruman fim ɗin, bai iya gama aiki kafin Kirsimeti ba, sai ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawari a ciki, aka aika wa yara kayan a 1978. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Kamfanin Mattel ya fito da He-Man a 1982, Hasbro kuma ya kawo Transformers a 1984, watau motocin nan masu rikiɗa su zama mutanen ƙarfe, waɗanda asalin ƙirarsu daga Japan take. A wannan shekara ce kuma aka fara nuna Voltron, zakunan nan biyar masu haɗuwa su zama jarumi guda, wanda daga baya yaran biranen ƙasar nan suka riƙa cincirindo gaban talabijin domin kallonsa. To, yaran wancan zamani su ne magidantan yau, kuma yanzu da kuɗi a aljihunsu.

Abin Da Suke Nema

Wanda ya san jeren ɗakin matan Hausawa ba zai sha wuyar fahimtar waɗannan mutane ba. Uwar da ke tara wa 'yarta tasa da fanteka da kwalla da samira ba don tuwo take tara su ba. So take saitin ya cika, zanen ya zama iri ɗaya, kada a sami wanda ya ɓantare, kuma kowace kwalla ta zo da murfinta. Haka mai tara 'yan jarumai yake.

Abu na farko da yake nema shi ne kama. Yana son fuska da launi da sutura su zo daidai da yadda ya san su yana yaro, in an sāke ko da launin takalmi ne sai ƙorafi ya tashi. Kamfanoni sun gane wannan har ya kai ga abin dariya. A shekarar 2019 Hasbro ya sake ƙera tsofaffin jaruman Star Wars yadda Kenner ya yi su tun farko, har da buga alamun ƙoƙewa a jikin kwalin da gangan, don sabon kaya ya yi kama da wanda ya shekara arba'in a akwati. Sai dai kuma mai saye yana son sabuwar fasaha a ɓoye cikin tsohuwar kama, watau gwiwa da gwiwar hannu da wuya su lanƙwasa sosai. Wannan ne ya sa aka fito da sabon G.I. Joe mai inci 6 da kuma sabon He-Man a shekarar 2020.

Na biyu shi ne cika. In jarumai biyar ne a labarin, kamfanin da ya ƙera huɗu ya tsaya ya jawo wa kansa baƙin jini. Haka kuma ɗan takobi ko 'yar hular da ta zo da jarumi, in ta ɓace, darajarsa ta faɗi ƙwarai. Wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba kuwa shi ne sarki, har akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su duba kaya, su ba shi maki, su rufe shi cikin akwati mai kama da gilashi.

Na uku shi ne ƙwari. Roba ba ta dawwama. Farar roba tana komawa rawaya in rana ta dake ta, zoben robar da ke riƙe da ƙugun ƙananan G.I. Joe na shekarun 1980 yana ruɓewa ya tsinke, wasu Transformers masu ruwan zinariya kuwa sukan farfashe a hannu don tsufa kawai. Mai ajiye irin wannan kaya a Abuja, inda ake fama da zafin bazara da ƙurar hunturu, aikinsa ya ninka.

Na huɗu kuwa shi ne adalci a ciniki. Babban kukan masu tarawa shi ne a ƙera kaya kaɗan da gangan, 'yan baranda su kwashe su a rana ɗaya, su dawo suna sayarwa ninkin-ba-ninkin. A 2018 Hasbro ya ɓullo da wani tsari inda masu so za su fara biya kafin a ƙera. Ya nemi mutum 5,000 su yi alkawarin dala 500 kowannensu domin wani jirgin Star Wars mai tsawon kusan ƙafa huɗu, aka sami fiye da 8,000. Amma a 2021 da ya kawo wani dodo mai suna Rancor, masu saye suka ga kayan bai kai kuɗinsa ba, adadin da ake nema bai cika ba, aka fasa ƙera shi. Watau dai son tuna baya bai hana mutum duba aljihunsa ba.

Duk da haka akwai inda abin ya wuce hankali. A watan Agusta na 2024 an sayar da samfurin wani jarumi mai suna Boba Fett, ƙirar 1979, wanda ba a taɓa kai shi kasuwa ba don tsoron kada yaro ya haɗiye ɗan makamin da yake harbawa, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 1.3.

Mu Fa, Ina Namu?

Ɗan Nijeriya mai wannan sha'awa, sai dai ya yi oda ta intanet ya biya da dala, wadda ta ƙara tsada tun da aka saki darajar naira a 2023, ko kuma ya tona buhunan gwanjo ko Allah zai sa ya dace. Amma babbar tambaya ita ce, me yaran ƙasar Hausa suka yi wasa da shi da har za su yi begensa? Yawancinmu ba Voltron muka riƙe ba. Motar kara muka ƙera, da ta langa-langa da ta gwangwanin madara mai tayar silifa, muka hau dokin kara, muka gina shanu da raƙuma da laka, 'yan mata kuma suka yi wa 'yar tsana kitso da aure har da jere. Waɗannan kayan yaro ne ya ƙera su da hannunsa, ya koyi awo da haƙuri a kansu, kuma ba su da kwali, ba su da kamfani, ba mai ba su maki. Gara ta cinye, damina ta narkar, yanzu wayar hannu tana neman shafe ko da sanin yadda ake yin su.

Wajibi ne a faɗi cewa akwai maganar addini a nan. Malamai sun yi rangwame a kan 'yar tsanar yara, suna kafa hujja da hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da irinsu. Amma babba ya jera siffar mai rai a falo, wannan da yawa daga cikin malamai ba su yarda da shi ba. Saboda haka mai son shiga wannan sana'a a Arewa sai ya san inda zai sa ƙafa. Fili kuwa yana da faɗi. Ga motar katako mai rubutu a goshi, ga akori-kura, ga Peugeot 504 wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ga jirgin ƙasa mai gawayi, ga ƙofofin Kano da Katsina da Zazzau. Wane magidanci ne zai ga ƙaramar motar da ta fara kai shi makarantar kwana, an ƙera ta daidai har da lambarta, ya wuce bai taya ba? A Legas ma wani ɗan kasuwa, Taofick Okoya, ya fara sayar da 'yan tsanan Queens of Africa tun 2007, ciki har da mai shigar Hausawa, ya nuna cewa kayan gida yana da kasuwa.

Ita kanta Abuja tana da darasi a kan amfanin mai tarawa. A fadar Sarkin Abuja na wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, watau Suleja ta yau, Baturen nan Michael Cardew ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, domin Sarki ya daɗe yana tara su. Ta shiga makarantar ginin tukwane ta garin a 1954, ta zaga duniya da sana'arta, ga hotonta nan a bayan naira 20. Da Sarki bai ga darajar abin da wasu ke ɗauka tukunyar ruwa ce kawai ba, da wataƙila labarin bai kai haka ba.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 kuma hedkwatarta ke nan Abuja, da Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Garki, su ware wuri domin kayan wasan gargajiya, su nemo dattawan da har yanzu hannunsu bai manta ba, su ƙera, a ajiye, a kuma koya wa 'yan makaranta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai in an sami wanda ya adana ta. Allah ya sa hukumomin su ji, su kuma aikata.