Ɗalibin likita, ga hanyar bitar kai da wuya: bi sawun sanƙarau

Duk ɗalibin likitan da ka tambaya wane ɓangare na anatomi ne ya fi ba shi ciwon kai, da wuya bai ce maka kai da wuya ba. Ƙasusuwan ƙoƙon kai 22, na wuya 7, jijiyoyin ƙwaƙwalwa 12 a kowane gefe, ga ramuka barjat kowanne da sunansa na Latin. Ka haddace da daddare, gari na wayewa sun gudu.

To amma ɗan ƙasar Gumel ba ya buƙatar a faɗa masa amfanin wannan karatu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, mutum 1,686 aka yi zargin sun kamu da sanƙarau a Najeriya, 124 suka rasu, kuma kashi 74 cikin 100 na waɗanda ake zargin daga Jigawa suke. Maigatari da Sule Tankarkar suka fi jin jiki, a daidai lokacin da cutar ke yaɗuwa a jihar Zinder da ke tsallaken iyaka. Gumel da Gagarawa kuwa maƙwabtansu ne na kusa.

Don haka maimakon hadda zalla, bi sawun ƙwayar cutar. Masaukinta na farko shi ne bayan hanci, inda ya haɗu da maƙogwaro. Mutane da yawa na ɗauke da ita a nan lafiyarsu ƙalau. Idan rani ya yi, busasshiyar iska da ƙura suka raunana fatar wurin, sai ta samu ƙofar shiga jini.

Daga jini sai tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Hawa uku ne: dura mai kauri a waje, araknoyid a tsakiya, sai piya da ke manne da ƙwaƙwalwa. Tsakanin na biyu da na uku ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana, nan ne ƙwayar ke hayayyafa.

Me ya sa wuya ke sanƙarewa? Tantanin nan bai tsaya a kai ba, ya sauka ta babban ramin da ke gindin ƙoƙon kai ya bi laka. Sunkuyar da kai yana jan sa, idan kuwa ya kumbura sai naman ƙeya ya ɗaure don gudun zafi. Shi ya sa likita ke gwada kai haɓar majiyyaci ƙirji.

Jariri fa daban ne. Wuyansa zai iya zama lafiya lau, sai dai ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, maɗigarsa takan kai wajen wata 18 kafin ta rufe. Kumburin maɗiga tare da zazzaɓi babbar alama ce.

Sai jijiya ta 8, mai kula da ji da daidaiton tsayuwa. Kumburin kan taɓa ta ko ya shiga can cikin kunne, dalilin da ya sa wasu yara ke warkewa amma su kurumce. Ka ga tambayar jarrabawa ta zama labarin ƙanin wani.

Kai kuma da ba ɗalibin likita ba, ga naka rabon: zazzaɓi mai zafi, matsanancin ciwon kai, amai, ƙin haske ko sanƙarewar wuya, a wuce asibiti nan take. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana guda, ba a jiran gobe. Akwai kuma rigakafi: a Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. In masu allura sun zo unguwarku, ku fito da ƙannenku.