Gwanintar Mai Wasa ko Ƙarfin Dodo?

Tun da wayar hannu ta shiga fadodin samari, a Filinge da sauran garuruwan Kurfai kamar yadda ta shiga ko'ina, aka sami wani irin musu sabo da ake yi a bakin butar shayi, inda wanda aka ci a wasa irin su Free Fire yakan ce wa wanda ya ci shi: "Ba kai ka kashe ni ba, mutumin da ka zaɓa ne." Wannan magana, ko da yake galibi zafin kaye ne yake fitar da ita, tana ɗauke da mas'ala ta gaske wadda ta dami masu ƙera wasanni da alƙalansu, kuma babu inda ta fi tsanani kamar a wasannin ban tsoro da ake yi ta intanet, inda mutum ɗaya yake zama dodo, huɗu kuma su nemi tsira daga gare shi.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Dead by Daylight, wanda kamfanin Behaviour Interactive na birnin Montiriyal a Kanada ya fitar a 2016. Sharaɗinsa mai sauƙin faɗi ne. Mutane huɗu suna cikin wani kango ko daji mai duhu, sai sun gyara injunan wuta biyar kafin ƙofar fita ta buɗu, dodo kuwa yana farautarsu, wanda ya kama ya rataye shi a ƙugiya, a rataya ta uku kuma ya mutu. Dodannin suna da yawa, kowanne da baiwarsa: wani tarko yake ɗanawa, wani gatari yake jifa da shi, wani ɓacewa yake yi. Kamfanin NetEase na ƙasar Sin ya fitar da makamancinsa a 2018, mai suna Identity V, wanda aka gina domin waya.

Mutanen Kurfai ba baƙi ba ne ga al'amarin mutum ya shiga wata siffa mai firgitarwa wadda ta riga shi samuwa, domin a Shikal, kusa da Filinge, wajajen 1925, aka fara ganin 'yan Babule, waɗanda duniya ta sani da sunan Hauka, suna hawan iskoki masu siffar Nasara, da Gwamna da Kafaran Gardi da Likita, suna kumfar baki suna riƙe wuta, har kwamandan Yamai Kurosikiya ya kama su ya ɗaure, daga baya kuma Jan Rush ya ɗauki fim ɗinsu a Accra ya nuna a 1955. Malamai sun yi hukuncinsu a kan wannan tun da daɗewa, ba shi ne maganarmu ba. Abin lura kawai, a wurin masu bori babu tambaya game da wanda yake da ƙarfin, tun da a itiƙadinsu iska ce mahayi, mutum doki ne. A wasan kwamfuta lamarin ya juye, mutum ne a sama, siffa a ƙasa, sai dai siffofin ba daidai aka yi su ba, daga nan kuma rigima ta taso.

Mu ɗauki misalin dodo biyu daga Dead by Daylight. Mai Tarko yana gudun mita 4.6 a daƙiƙa, alhali masu tsira mita 4 suke yi, amma sai ya zagaya fili ya tattara tarkunansa ya ɗana, kuma mai ido yana ganinsu ya kauce. Nas kuwa, wato fatalwar wata ma'aikaciyar asibiti, mita 3.85 take yi, ba ta ko kai waɗanda take bi ba, amma tana ratsa bango ta ɓullo a gabanka, ta yadda duk dabarar zagaye katanga da jefa katako, wadda ita ce jarin mai gudu, ba ta da amfani a kanta. Kusan ijma'in gwanaye ne cewa ita ce mafi ƙarfi a wasan. Abin mamaki, da kamfanin ya bayyana ƙididdigarsa ta dukkan masu wasa, sai aka riƙa ganin ta a cikin na ƙasa wajen yawan kisa, saboda wuyar sarrafa ta, mafi yawan masu ɗaukarta kuma suna wuce wurin da suka nufa ne su faɗa wani. Da za a yi hukunci da ƙididdiga kaɗai, da sai a ƙara mata ƙarfi, wannan kuwa da ya zama zalunci bayyananne ga duk wanda ya gamu da ita a hannun wanda ya iya.

Ga nan illar take. Ƙarfin dodo ba adadi ɗaya ba ne: akwai abin da yake bayarwa ga ɗan koyo, akwai iyakar da yake iya kaiwa a hannun gwani, tsakaninsu kuma wani lokaci tazara ce mai nisa. Kamfanin ya ce burinsa dodo ya kashe kimanin kashi 60 cikin ɗari, kuma a 2021 ya shigo da ma'aunin ɓoye mai haɗa mutum da tsararsa, ɗan'uwan hisabin da Arpad Elo ya ƙirƙiro wa darar chess, wanda hukumarta ta duniya ta karɓa a 1970, har kamfanin ya ware wa kowane dodo nasa makin. Amma hisabin Elo an gina shi ne domin mutum biyu masu kayan yaƙi iri ɗaya a fage ɗaya, kuma ɗalibin usulu ya san cewa ƙiyasi ba ya inganta idan akwai bambanci tsakanin asali da reshe. A nan kuwa bambance-bambancen sun yi yawa: filin da kwamfuta ta zaɓa, kayan ƙari da kowa ya ɗauko, ko mutanen huɗu abokai ne masu magana da juna ta na'ura ko baƙi ne da ba su san juna ba, ga kuma jinkirin intanet, wanda mai wasa daga Dallol Boso ya fi na Faransa sanin ɗacinsa.

A kokowa mun saba da rabin wannan matsala. Gasar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ba ta raba 'yan kokowa bisa nauyi, don haka 'yan kallo da kansu suke rarrabe wanda ya kayar da ƙiba da wanda ya kayar da dabara, suna kuma tashi tsaye idan ƙaramin jiki ya kai ƙato ƙasa. Sai dai ɗan kokowa da jikinsa aka haife shi, shi ya ciyar da shi ya hore shi, mai wasan kwamfuta kuwa zaɓa yake yi daga jeri da ɗan yatsa, kuma ɗan kokowa ba zai iya cire jikin abokin karawarsa ya saka ba.

A wasan kwamfuta ana iyawa, kuma a ganina wannan ne kaɗai mizanin da ya tsaya da ƙafarsa. Masu shirya gasar Dead by Daylight sukan sa ƙungiyoyi biyu su yi wasa da dodo ɗaya a fili ɗaya, wannan ta yi farauta waccan ta gudu, sa'an nan a musanya, a gwada yawan rataya da yawan injunan da aka gyara. Sukan kuma rage wa dodo mai ƙarfi kayan ƙari. A gasar Identity V ma kowace ƙungiya tana yin ɓangarorin biyu, tana kuma da damar haramta wa abokiyar karawa wasu siffofi kafin a fara. Idan dodo ɗaya ne, fili ɗaya ne, abin da ya saura na bambanci na mutum ne, ko da yake karo ɗaya bai isa shaida ba, sai an maimaita.

Saura abin da alƙalai ba su da iko a kansa, wato kasuwa. Kamfanin Behaviour yana sayar da sababbin dodanni, wasu ma da lasisi daga finafinai, kamar yadda ya shigo da Michael Myers na Halloween a 2016, kuma yana sauya ƙarfin tsofaffi lokaci bayan lokaci, ta yadda hukuncin da aka yanke a bara game da wane ne gwani da wane dodo yakan buƙaci a sake zama a kansa bana.