Koyar da Bugun Rubutu a Makarantu: Horon Yatsu Kafin Na'ura

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa sayen na'ura daban, koyar da aiki da ita daban. Tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda aka soma a Nijeriya a shekarar 1982, ya sanya bugun tafireta cikin darasin kasuwanci na ƙaramar sakandare. Tafireta ta kau, kwamfuta ta gaje ta, amma jerin baƙaƙen QWERTY yana nan yadda yake. Tun daga shekarar 2015 kuwa, a kwamfuta hukumar JAMB ke gudanar da jarrabawarta.

Sharaɗin farko shi ne yaro ya saba ɗora yatsu takwas a layin tsakiya, yana bugu ba tare da duban hannunsa ba. Wanda ya tashi da yatsa biyu, raba shi da wannan ɗabi'a sai da wahala, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sharaɗi na biyu ya shafi Hausa, domin babu ɓ, ɗ da ƙ a wannan jeri. Muddin malami bai nuna yadda ake samo su ba, ɗalibi zai buga "kasa" a gurbin "ƙasa". Saboda haka wajibi ne a horar da malamin kansa tun yana kwalejin ilmi.