Ko Kun Sani? Ganyen Lalle da Ƙwayoyin Cuta

Jan da lalle ke bari a tafin hannun amarya aikin wani sinadari ne mai suna lawson. Yawansa a busasshen ganye bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma da zarar an kwaɓa garin, sai ya kama furotin ɗin da ke saman fata da farce, ba ya saki har sai fatar ta sabunta.

Da masana suka tatsi ruwan ganyen suka gwada a ɗakin bincike, sun ga yana hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, ciki har da Staphylococcus aureus mai haddasa maruru. Ganyen yana kuma ɗauke da tanin, irin sinadarin da majema ke nema a bagaruwa.

Sai dai a kula sosai. Lawson na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wanda aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, larurar da ta yawaita a Afirka ta Yamma, kuma jarirai sun fi shiga haɗari. Iyaye mata, don Allah kada a shafa wa jariri lalle.