Bayan sallama daga asibiti, wa ke lura da numfashin yaro a Mahuta?

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe gonakin masara da auduga tsakanin Funtuwa da Malumfashi, sai tari ya cika gidaje. Yaron garin Mahuta, a wannan yanki, da sanyin haƙarƙari ya kwantar akan kai shi babban asibitin ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu. Zazzaɓi na sauka a sallame shi, dangi su shigo yi wa uwa barka da arziki. Nan kulawa ke yankewa, alhali huhun bai gama warkewa ba, ga shi ya koma ɗakin da hayaƙin itace ke shiga safe da yamma.

Ciwon ba na wasa ba ne. UNICEF ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai ya kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya.

Ingila ta gwada wata dabara lokacin korona. Daga Nuwamban 2020 hukumar lafiyarta, NHS, ta riƙa ba marasa lafiya 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, oksimita, su tafi gida da ita. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Haske take turawa ta cikin yatsa, saboda jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin ja ne jawur, wanda bai ƙoshi ba kuwa yakan yi duhu. A tsarin na Ingila, mutum ya auna sau uku a rana, ya rubuta, ma'aikaciyar jinya ta kira shi a waya. In na'urar ta nuna 95 zuwa sama, lafiya lau. 92 zuwa ƙasa, sai asibiti nan take. Amfaninta shi ne takan gano raguwar iskar a jini tun mutum na zaune yana hira, bai ji komai ba.

Sai dai na'urar na da aibin da ya shafi Mahuta kai tsaye. Binciken Jami'ar Michigan a Amurka na Disamban 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Yatsan da sanyin asuba ya ƙame ma kan ruɗa ta, haka baƙin lalle. Idan lamba ta ce lafiya amma yaro na haki, a bi abin da ido ya gani.

Akwai kuma awon da ba ya cin ko kwabo. Uwa ta ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau 50 ga ɗan wata biyu zuwa 11, ko sau 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ya yi sauri. In ƙasan ƙirji na lotsawa, ko yaro ya ƙi nono, ba a jiran gobe.

Masu bibiya ma ba sai an ƙirƙiro su ba: shirin CHIPS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tanadi mata 'yan gari masu shiga gida-gida. Abin da ya kamata shi ne kowace ta riƙe oksimita mai kyau, irin ta yatsan yara, da katin waya, asibiti kuma ya sanar da ita ranar sallama. A yankin da rashin tsaro ya sa 'yan acaɓa ke ƙin bin hanya bayan magariba, uwar da ta gane tun la'asar cewa numfashin ɗanta ya sauya tana iya kai shi Malumfashi da sauran rana.