Kuɗin Jabu, Na Da Da Na Yau

Kalmar nan "jabu" asalinta daga sunan ƙasar Ijebu ne, wadda ta yi suna wajen ƙera sulallan ƙarya a zamanin Turawa. Bayan an kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma cikin 1912, sai waɗansu maƙera suka shiga kwaikwayon sule da fataka. Abin ya tsananta bayan 1920, sa'ad da aka daina buga su da azurfa. Saboda haka cikin 1938 aka fito da sababbi masu tsagi a gefe, don su gagari maƙera.

Yau an daina karɓar kuɗin nan, amma masu tara kayan tarihi suna saye, mayaudara kuwa ba su yi barci ba. Wani ya kankare lamba ya sāke shekara. Wani ya kawo riyalin Mariya Tarisa, ya ce ai ga 1780 a jikinsa, alhali kuwa har waɗanda aka buga kwanan nan shekarar ke nan a kansu.

To, malamai, ko a Hanwa ko a Tudun Wada, wanda aka kawo wa riyali ya fara aunawa tukuna: na gaskiya giram 28 ne. Ya duba gefensa, ya saurari ƙararsa, kana ya yi ciniki.