Masu Neman Digiri na Biyu a Ruwan Gizo

Ruwan Gizo gari ne na manoma a ƙasar Talata Mafara, kuma baƙon da ya tarar da mutanensa a tsakiyar damina, kowa da fartanya a kafaɗa tun kafin rana ta ɗaga, ba zai yi zaton akwai mai wata damuwa da ta wuce ta gero da dawa da tsaron dabbobi ba. Alhali kuwa a nan da ƙauyukan Bakura da Maradun akwai wasu ɗalibai, ba su da yawa dai, waɗanda suka gama digirin farko, suka kama koyarwa a firamare ko aikin ƙaramar hukuma, sa'an nan suka sake ɗaura niyyar neman digiri na biyu, suna noma a gida suna bahasi a Sakkwato ko Zariya.

Neman ilmi ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar a Zamfara yana wa'azi da karantarwa, kamar yadda ƙanensa Malam Abdullahi ya bayyana a cikin Tazyinul Waraƙati, kuma yana zaune a Faru ne Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idin babbar salla, wajen shekarar 1788; Faru da Magami kuwa duk suna cikin ƙasar Maradun ta yau. Malaman wancan zamani, in sun ji labarin wani littafi a hannun wani shaihi, sukan ɗauki gafaka su bi shi duk inda yake, su zauna su kwafe shi da hannunsu, su karanta shi a gabansa, har ya ba su ijaza da sunayen waɗanda ya karɓo daga gare su. Ɗalibin yau ma tafiyar ba ta sauka daga kansa ba. Gaskiya ne Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, an kuma kafa Jami'ar Jihar Zamfara a can a 2018, Bakura tana da kwalejin aikin gona, amma abin da aka rubuta a kan Zamfara kanta, wanda mai bahasi ba ya da makawa sai ya duba shi, yawancinsa yana wasu garuruwan, domin jihar ba ta rabu da Sakkwato ba sai a 1996, lokacin da takardu suka riga suka sami mazauni.

Wanda yake son tarihin masarautar Zamfara lalle ne ya nemi kundin digirin digirgir na Garba Nadama, wanda ya kammala a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 kafin ya zama gwamnan Sakkwato, ya kuma san cewa tun 1959 wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci. Rahotannin da joji-joji suka rubuta a kan gundumomi da haraji da yawan jama'a suna Kaduna, a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, cikin fayilolin Lardin Sakkwato. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, shi ma yana Kaduna. Rubuce-rubucen Larabci da ajami kuwa akwai su a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Saboda haka ɗan Ruwan Gizo yakan fita da sassafe ya kama babbar hanya a Mafara, ko dai ya yi yamma zuwa Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ya yi gabas ta Gusau da Tsafe da Funtuwa zuwa Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da takardar gabatarwa daga sashensa a aljihu, kuma, a halin rashin tsaro da hanyoyin suke ciki, da addu'ar mahaifiya a bayansa.

A bakin ƙofar laburare ake ajiye jaka, a nuna kati, a shiga da takarda da biro. A nan ne ake gane wanda ya shirya da wanda bai shirya ba, gama mai kwana uku kacal a gari, in ya shiga bai tsayar da mas'alar da yake bincike a kanta ba, zai yini yana zagaya kantoci kamar wanda ya je kasuwar Talata bai san abin da aka aike shi saye ba. Wanda ya ƙware yakan fara da katalogi, na kati ko na kwamfuta, ya nemi sunan mawallafi ko maudu'i, ya rubuta lambar da aka manna a ƙeyar littafin, domin galibin jami'o'inmu suna bin tsarin Laburaren Majalisar Amurka ne, inda tarihin Nijeriya yake ƙarƙashin DT515, Musulunci a BP, aikin gona a S. In ya sami littafi ɗaya mai kyau, sai ya juya zuwa ƙarshensa ya duba manazarta, ya ga wa mawallafin ya naƙalto, ya bi waɗannan su ma, har ya lura sunaye sun fara maimaita kansu, wanda shi ne alamar ya kewaye fagen. Ɗakin kundaye yana da nasa hukunci: ba a bayar da aro, ba a fita da su, sai mutum ya cike 'yar takarda ma'aikaci ya ɗauko masa, ya zauna ya yi ta kwafa, yana rubuta lambar shafi a gefen kowace magana. Wanda ya manta da lambar shafin, wata rana sai ya sake biyan kuɗin mota saboda ita. Ma'aikacin laburare kuma, wanda ɗalibai da dama suke ɗauka mai gadin littattafai ne kawai, sau da yawa ya fi kowa sanin inda abu yake, kuma gaisuwa ta mutunci da tambaya bayyananniya sukan rage wa mutum wahalar yini guda.

Mujallun ilmi yanzu yawancinsu ta intanet ake samu, ta rumbuna irin su JSTOR da AJOL, da AGORA wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003 domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Amma mabuɗin yawancinsu yana hannun laburaren jami'a, shi ya sa mai dabara yakan sauke duk maƙalun da yake bukata a waya ko filashi tun yana can, ya dawo gida ya karanta su da dare bayan isha'i, a zaure, wayar da aka yi wa caji a shagon mai sola tana hannunsa, littafin rubutu yana kan gwiwa. Waɗanda suka dogara ga sabis kaɗai sun ji jiki a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma hana cin kasuwannin mako.

Sai dai a ganina fifikon ɗalibin ƙauye yana wani wuri da laburare ba ya kai wa. Mu ɗauki madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato aka gama a 1978, domin noman rani a fili mai faɗin fiye da hekta 20,000. Turawa irin su Björn Beckman da William Adams sun yi rubutu a kan yadda aka tashi mutane daga gonakinsu, da yadda fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suka saba noma da ita, da kuma harbin manoma da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka yi a watan Afrilu na 1980, inda hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, wasu masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Ɗalibin da ya karanta riwayoyin nan masu saɓani yana iya hawa babur ya je ya durƙusa gaban dattijon da abin ya faru a kan idonsa, ya ce, "Baba, karatu ya kawo ni," dattijon ya dube shi ya ce, "To, mi kaka biɗa, ɗana?" Amma fa maganar dattijo ita ma riwaya ce, ana auna ta kamar yadda ake auna ta Bature da ta gwamnati: shekarunsa nawa a lokacin, ya gani ne ko an faɗa masa, gonarsa tana cikin waɗanda ruwa ya ci ko kuwa yana cikin waɗanda aka biya diyya? Malaman hadisi sun daɗe da shimfiɗa wannan ƙa'ida ta duba halin mai riwaya kafin a karɓi nassi, kuma wanda ya taso a makarantar zaure bai kamata ta zame masa sabon abu ba don ya same ta a babin hanyoyin gudanar da bincike.

Haka nan sha'anin amana. A kewayen kowace jami'a akwai masu shagon buga takardu da za su haɗa wa mutum babin bitar ayyukan da suka gabata a kan farashi, su yanko nan su yanko can, ba tare da ambaton mai magana ba. Jami'o'i sun fara tace kundaye da manhajar Turnitin domin kama satar fasaha, amma tun kafin na'ura, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ranar kare kundi yakan gane da tambaya ɗaya ko ɗalibi ya taɓa riƙe littafin da ya ambata. Ambaton wanda aka karɓo ilmi daga gare shi kuwa tsohuwar al'ada ce: Malam Abdullahi ya keɓe talifi guda, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu.

In an gama, aka yi wa kundi bango mai tauri, sai a rarraba kwafi: na sashe, na makarantar karatun gaba da digiri, na laburare, na malamin da ya duba aikin. Dattawan da aka yi hira da su, waɗanda sunayensu da shekarunsu suke jere a shafin ƙarshe, ba kasafai suke jin abin da aka rubuta ba, tun da da Turanci ne, kuma yana Sakkwato. Ya kamata duk wanda ya yi bahasi a kan Mafara ko Bakura ko Maradun ya kai kwafi ɗaya laburaren sabuwar jami'ar Talata Mafara, ya kuma taƙaita sakamakon da Hausa a shafi biyu ko uku, ya miƙa wa hakimi da limamin garin da ya yi aikin a cikinsa, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.